Yadda Wayar Hannu Ta Zama Jagorar Matafiya

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Wannan magana gaskiya ce muddin akwai wanda za a tambaya. Amma akwai wurare biyu a duniya inda matafiyi zai duba gabas da yamma, kudu da arewa, bai ga gida ba, bai ga gona ba, balle ya sami wanda zai yi wa sallama. Wuraren nan su ne hamada da teku. A cikinsu ne ɗan'adam ya fi shan wahalar neman hanya, a cikinsu ne kuma aka yi asarar rayuka da dukiya wadda ba mai iya lissafinta sai Allah. Yau ga shi direba ya kan kafa wayar hannu a gaban motarsa, ta riƙa nuna masa inda ya ke, tana ce masa ya bi dama ko hagun. Abin ya zama ruwan dare har yara ba su mamakinsa. Amma ba a dare ɗaya aka kai ga haka ba. Aiki ne na masanan ƙasashe dabam dabam, an ɗauki shekara wajen dubu ana yinsa, na baya yana ɗorawa a kan abin da na gaba ya bari.

Zamanin Madugu

A zamanin da, ran ayari duka a hannun mutum guda ya ke, watau madugu ko jagoran da ya ɗauka. Ba shi da taswira, ba shi da na'ura. Da rana ya kan dubi tsayin inuwa, da duwatsu, da launin rairayi, da yadda iska ta kwantar da shi. Da dare kuwa sai ya ɗaga kai sama. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shiryuwar mutane da taurari a cikin Suratul An'am da Suratun Nahli, fatake kuma sun san Gamzaki da Zara da Kaza Mai 'Ya'ya kamar yadda suka san raƙumansu.

A shekarar 1352 shahararren matafiyin nan, Ibn Battuta, mutumin Tanja, ya tashi daga Sijilmasa ta ƙasar Maroko tare da ayari za su ƙasar Mali. Suka yi kwana 25 kafin su isa Tagaza, garin da a ke haƙar gishiri. Daga nan sai hamada tsantsa har Walata. Ya ba da labari cewa al'adar fatake ce su yi ijarar wani mutum daga kabilar Masufa, ya riga ayari isa Walata da takardu, don mutanen garin su fito da ruwa su tarye su tun da sauran tafiyar kwana huɗu. In ɗan saƙon nan ya ɓace a hanya, to, ba wanda zai san ayari na tafe, sai ƙishirwa ta halaka su. Wanda ayarinsu ya ɗauka miskali 100 na zinariya aka biya shi. Abin da ya fi ba Ibn Battuta mamaki shi ne jagoransu, gama idonsa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma yana ciwo, duk da haka ba wanda ya kai shi sanin hanya. A cikin tafiyar nan wani daga cikinsu ya ja baya saboda wata husuma, ya rabu da ayari, ba a sake ganinsa ba.

Haka Buzaye suka daɗe suna yi da ayarin gishiri daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, shugaban ayarin ma da sunan Hausa su ke kiransa, madugu. A tsakiyar hamadar Tenere akwai wata itaciyar ƙaya guda ɗaya tak kusa da wata rijiya, ba wata itaciya kusa da ita sai an yi tafiyar kwanaki. Saboda darajarta har cikin taswira a ke zana ta, kuma ba mai karya reshenta ya hura wuta. A shekarar 1973 wata babbar mota ta banke ta. Aka kwashe gangarta aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Allura da Taurari a Teku

Matuƙan jiragen ruwa wahalarsu ta fi ta fatake, don ruwa ba ya riƙe sawu. Mutanen Sin ne suka fara gane cewa in an goga allura da maganaɗisu aka bar ta ta juya yadda ta ke so, kullum sai ta tsaya tana nuna kudu da arewa. Wani masaninsu mai suna Shen Kuo ya rubuta bayaninta a shekarar 1088, ba da daɗewa ba kuma matuƙansu suka fara aiki da ita in hadari ya rufe sama. Kafin shekarar 1200 labarinta ya kai ƙasar Turai. Ita ce a ke kira kamfas.

Larabawa matuƙan tekun Indiya kuwa suna da wata dabara da su ke kira kamal. Ɗan allo ne da igiya a tsakiyarsa, an yi wa igiyar ƙulli ƙulli. Matuƙi ya kan ciji ƙulli guda, ya miƙa allon gabansa har gindinsa ya yi daidai da inda sama ta haɗu da ruwa, kansa kuma ya yi daidai da tauraron arewa. Shi wannan tauraro ba ya yawo kamar sauran, kuma gwargwadon yadda mutum ya yi arewa, gwargwadon yadda zai ga ya ɗaga sama. A Kano bisansa digiri 12 ne, a London kuwa ya fi 51. Saboda haka kowace tashar jirgi tana da ƙullinta. Babban malamin wannan fanni shi ne Ahmad ibn Majid, wanda ya rubuta littafinsa na tuƙin jirgi wajen shekarar 1490.

To, da kamfas da tauraron arewa matuƙi ya san inda ya fuskanta, ya kuma san iyakar yadda ya yi arewa ko kudu. Abin da ya gagara shi ne sanin iyakar yadda ya yi gabas ko yamma. Sai dai ya yi kirdado, ya ce jirgi ya yi gudu kaza cikin awa kaza, saboda haka ya kamata a ce an kai wuri kaza. In iska ko igiyar ruwa ta karkatar da jirgin bai sani ba, sai lissafi ya rushe.

Kafinta da Agogonsa

Ranar 22 ga Oktoba, 1707, rundunar jiragen yaƙin Ingila tana komowa gida daga tekun Bahar Rum, shugabanta Sir Cloudesley Shovell. Matuƙan suna tsammani suna cikin sarari, ashe sun doshi duwatsun tsibiran Scilly. Cikin dare jirage huɗu suka farfashe, mutum fiye da 1,400 suka halaka, har da shi shugaban. A shekarar 1714 Majalisar Ingila ta yi doka, ta sa ladan fam 20,000 ga duk wanda ya kawo dabarar da za a san gabas da yamma a teku, kuskurenta kada ya wuce rabin digiri. Kuɗin nan a lokacin dukiya ce wadda ma'aikaci ba zai tara ba ko da ya shekara ɗari yana aiki.

Masana sun riga sun san cewa asirin abin yana cikin lokaci. Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, kewayenta kuwa an kasa shi digiri 360. Ke nan kowace awa ta kan juya digiri 15, kowane minti huɗu digiri ɗaya. Ga misali, Kano tana gabas da London da wajen digiri takwas da rabi, shi ya sa rana ta kan take tsaka a Kano minti 34 kafin ta take a London. In da matuƙi zai riƙe agogon da ke bin lokacin garinsu, sa'an nan ya duba lokacin da rana ta take a inda ya ke, bambancin da ke tsakani zai gaya masa nisan da ya yi. Sai dai fa agogunan wancan zamani da lilo su ke aiki, jirgi kuwa ba ya zama wuri ɗaya, ga zafi da sanyi suna sa ƙarfe ya miƙe ko ya tsuke. Rabin digiri minti biyu ne kacal, tafiya kuwa ta mako shida ce. Watau agogon da a ke nema kada ya yi kuskuren da ya kai sakan uku a yini.

Wanda ya warware wannan ƙulli ba malamin jami'a ba ne. Wani kafinta ne mai suna John Harrison, an haife shi a 1693, shi ya koya wa kansa gyaran agogo. Ya gama na farko a 1735, ƙato ne mai nauyi, bai gamsu da shi ba. Ya yi na biyu, ya yi na uku, sai a 1759 ya gama na huɗu, wanda bai fi tafin hannu da kaɗan ba. A 1761 ɗansa William ya shiga jirgi da shi zuwa tsibirin Jamaika. Da aka isa aka yi lissafi, sai aka ga kuskurensa wajen sakan biyar ne cikin kwana 81. Amma hukumar da aka ɗora wa ba da ladan ta yi ta ja masa rai, don waɗansu daga cikin masananta sun fi son a bi hanyar auna tsakanin wata da taurari. Aka ba shi rabi a 1765, aka ce sai ya ƙera waɗansu. Da tsufa ya cim masa sai ya kai kuka wurin Sarki George na Uku, Majalisa ta ba shi fam 8,750 a 1773, yana da shekara 80. Ya rasu a 1776. Tun daga nan jiragen ruwa suka riƙa tafiya da irin agogonsa, a 1884 kuma wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washington suka yarda a riƙa fara ƙidayar gabas da yamma daga Greenwich, wata unguwa ta London. Ya kamata a riƙe labarin kafintan nan, gama taurarin da wayar hannu ke saurara yau ba kome ba ne illa agoguna da aka rataya a sama.

Tauraron da Mutum Ya Ƙera

Ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko, sunansa Sputnik. Girmansa bai wuce na tulu ba, ba ya kome sai kewaya duniya yana wani ɗan kuka ta rediyo. Waɗansu samari biyu masana a wani ɗakin bincike na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, William Guier da George Weiffenbach, suka kafa na'ura suna saurarensa. Sai suka lura muryarsa tana sakewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da hanyar jirgin ƙasa ya san haka: in jirgi na tahowa kukansa ya kan yi tsini, da ya wuce sai kukan ya yi kauri. Da wannan sakewar murya samarin nan suka lissafa hanyar da tauraron ke bi duka.

A shekara mai zuwa shugabansu, Frank McClure, ya ce a juya lissafin. In wanda ya san inda ya ke tsaye zai iya gano hanyar tauraro, ashe wanda ya san hanyar tauraro zai iya gano inda shi ya ke tsaye. Sojan ruwan Amurka kuwa a lokacin suna da bukatar haka ƙwarai, don jiragensu masu nutso a ƙarƙashin ruwa suna ɗauke da makamai masu linzami, makami kuwa ba ya faɗa inda aka nufa sai an san inda aka harbo shi. Aka kafa wani tsari mai suna Transit, tauraronsa na farko ya shiga falaki a 1960, aka fara aiki da shi sosai a 1964, aka buɗe wa jiragen 'yan kasuwa a 1967. Aibinsa shi ne taurarin kaɗan ne, sai matuƙi ya jira awa guda ko fiye kafin wani ya gitta. Wannan ya ishi jirgin ruwa, amma bai ishi jirgin sama ba.

A 1973 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta tattara dabarun da sojan sama da na ruwa ke gwadawa dabam dabam, ta mai da su aiki guda, ta sa Kanar Bradford Parkinson ya shugabance shi. Shi ne a ke kira GPS. Roger Easton na sojan ruwa ya riga ya gwada aika agogo sama cikin tauraro. Wata mace baƙar fata masaniyar lissafi, Gladys West, ta yi shekaru tana aikin lissafin ainihin siffar duniya da kwamfuta, gama duniya ba mulmulalliya ba ce sarai, in ba a san tudunta da kwarinta ba awo ba zai yi daidai ba. Aka harba tauraron GPS na farko a watan Fabrairu, 1978.

Don yaƙi aka yi shi. A shekarar 1983 wani jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu ya taso daga New York, ya yada zango a Alaska, za shi Seoul. Ya kauce hanya matuƙansa ba su sani ba, ya shiga sararin Tarayyar Sobiyat, ranar 1 ga Satumba sojanta suka harbo shi kusa da tsibirin Sakhalin. Mutum 269 da ke ciki ba wanda ya tsira. Bayan wannan Shugaba Ronald Reagan ya yi shela cewa in an gama GPS za a bar farar hula su yi aiki da shi. A 1989 wani kamfani mai suna Magellan ya fitar da na'urar da a ke riƙewa a hannu, kuɗinta wajen dala 3,000. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 sojan Amurka suka ratsa hamadar Iraƙi da irin waɗannan na'urori, ta inda ba a zaci runduna za ta iya bi ba. A 1995 aka ba da sanarwa cewa tsarin ya kammala da taurari 24. Duk da haka da gangan a ke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskurensa ya kan kai yadi 100. Sai a watan Mayu na shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina, cikin dare ɗaya kuskuren ya ragu kamar sau goma.

Yadda Abin Ke Aiki

Taurarin GPS suna can sama wajen mil 12,500, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini. An jera su bisa hanyoyi shida, yadda ko'ina mutum ya tsaya a sarari akwai aƙalla huɗu a samansa. Kowanne yana ɗauke da agogon atom, wanda ya fi na Harrison daidaito nesa ba kusa ba. Aikin tauraro guda ne, dare da rana yana shela ta rediyo: ni ne wane, ga inda na ke, ga kuma lokacin da na yi wannan magana.

Wanda ya taɓa hango mai faskare daga nesa ya san ido ya kan ga gatari ya sauka, sa'an nan daga baya kunne ya ji sara. Gwargwadon nisa, gwargwadon jinkiri. Haka saƙon rediyo ya ke, sai dai shi gudunsa irin na haske ne, mil 186,000 cikin sakan ɗaya. Waya ta kan duba lokacin da saƙo ya taso da lokacin da ya iso, daga jinkirin ta lissafa nisan tauraron.

Sanin nisa daga wuri ɗaya bai isa ba. In an ce mutum yana mil 50 daga Kano, ba a san ko ta Katsina ya yi ko ta Wudil ba, kamar akuya ce a turke, tana iya kasancewa ko'ina a bakin igiyarta. In aka ƙara cewa yana mil 60 daga Zariya, to, da'irar nan biyu wuri biyu kaɗai za su haɗu. In kuma aka faɗi nisansa daga Katsina, sai wuri ɗaya ya rage. Haka waya ke yi da taurari uku. Na huɗun kuwa don gyaran agogonta ne, gama agogon waya mai araha ne, alhali in an kasa sakan ɗaya kashi miliyan aka yi kuskuren kashi guda, awo zai kauce da yadi fiye da 300.

Akwai wani abin al'ajabi kuma. Masanin nan Albert Einstein ya nuna tun farkon ƙarni na 20 cewa gudu da nisa daga ƙasa suna sake tafiyar lokaci. Agogon da ke cikin tauraro ya kan riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana. Abin kamar ba kome ba, amma cikin wannan ɗan lokaci saƙon rediyo ya yi tafiyar mil bakwai. Saboda haka tun a ƙasa a ke rage wa agogunan sauri kafin a harba su, akwai kuma ma'aikata a jihar Colorado da ke lura da su kullum suna gyara.

Mutane da yawa suna zaton tauraron ne ke ganinsu. Ba haka ba ne. Waya saurare kawai ta ke yi, ba ta aika wa tauraron GPS kome, shi kuwa bai san yawan masu sauraronsa ba, kamar yadda gidan rediyo bai san wanda ya kunna akwatinsa ba. Shi ya sa ba a biyan ko kwabo don saƙon, kuma waya tana iya sanin inda ta ke ko a dajin da ba layin waya. Abin da ke bukatar intanet shi ne taswirar da za a ɗora wurin a kanta, da labarin cunkoson motoci.

Shigarsa Cikin Waya

A 1996 hukumar sadarwa ta Amurka ta yi doka cewa kamfanonin waya su nemi hanyar sanin inda mai kiran neman agaji ya ke, don sau da yawa wanda haɗari ya rutsa da shi ba ya iya faɗin wurin. Wannan ya sa aka dukufa wajen ƙanƙanta na'urar har ta koma ƙasa da ƙwayar gyaɗa. A 1999 wani kamfanin ƙasar Finland mai suna Benefon ya nuna waya mai GPS a cikinta. A 2005 kamfanin Google ya buɗe taswirarsa a intanet, a 2008 wayar iPhone ta fito da GPS, a 2009 kuma Google ya fara ba da jagora mai magana kyauta, tana gaya wa direba kowace kwana. Kafin a ankara, abin da aka ƙera don jirgin yaƙi ya shiga aljihun ɗan acaɓa.

A Nijeriya wayar hannu ta yaɗu daga shekarar 2001, kuma ɗaya daga cikin manyan ayyukan da GPS ya yi a Arewa shi ne yaƙi da cutar shan inna. Da can masu allurar rigakafi da taswirar da aka zana da hannu su ke yawo, ƙauyuka da rugage da yawa ba su ciki, yaransu kuma ba a kai gare su. Daga wajen 2012 aka zana sababbin taswirori na Kano da waɗansu jihohi daga hotunan da taurari suka ɗauka, aka ba ma'aikata wayoyi suna tafe da su, da yamma a duba a ga inda suka taka da inda suka tsallake, a koma. Da wannan da sauran ƙoƙarin sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya, a watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar cutar mai yawo a gari ta ƙare a Afirka.

Kayan Aro

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. GPS na sojan Amurka ne, mai abu kuwa yana da ikon abinsa. Saboda haka manyan ƙasashe ba su yarda su dogara da shi kaɗai ba. Rasha tana da nata mai suna GLONASS, wanda aka fara harbawa a 1982, ya lalace bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, aka sake cika shi a 2011. Tarayyar Turai ta fara aiki da nata, Galileo, a 2016. Ƙasar Sin ta kammala BeiDou a 2020. Indiya da Japan ma suna da na yankinsu. Wayoyin yanzu da yawa su kan saurari uku ko huɗu a lokaci guda.

Na'urar kuma tana da lahani iri iri. Saƙon ya kan iso ƙasa da rauni ƙwarai, dogon gini ko rufin kwano ya kan tare shi, mai mugun nufi kuma yana iya danne shi ko ya aiko da na jabu. A watan Yuni na 2017 jiragen ruwa wajen ashirin a Baƙin Teku suka ga na'urorinsu suna nuna wai suna tsaye a wani filin jirgin sama can kan tudu. Tun kafin wannan, a watan Yuni na 1995, wani jirgin ruwan fasinja mai suna Royal Majesty ya taso daga Bermuda za shi Boston da mutum fiye da 1,500. Wayar da ta haɗa na'urar da eriyarta ta cire, na'urar ta koma kirdado irin na mutanen da, matuƙa kuwa suka yi ta bin ta fiye da yini guda ba su ankara ba, har jirgin ya kauce mil 17 ya kafe a rairayi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Kuskurensu daidai ya ke da na mutanen Shovell, shekara 288 a tsakani.

Ko da ya ke tauraro ba ya ganin mutum, manhajojin da ke cikin waya suna iya tara labarin duk inda ya je su aika wa masu su. A farkon 2018 wani kamfani mai manhajar masu motsa jiki ya jawo surutu, don taswirar da ya buga ta hanyoyin da mutanensa ke gudu ta tona inda sansanonin soja su ke a ƙasashe da dama. Hamada ita ma ba ta sake hali ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit ta ƙasar Nijar, motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Sanin inda mutum ya ke ba ya zama ruwa a salka.

Saboda haka matafiyi mai hankali ya kan sauke taswirar inda za shi a cikin wayarsa tun yana gida, ya cika batir, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In waya ta ce a bi wata hanya, ido kuwa ya ga gada ta karye, ko mutanen gari suka ce hanyar ba lafiya, to, maganar ido da ta mutanen gari ita ce abin bi, don taswira ba ta san abin da ya faru jiya da dare ba. Manyan masu abin ma sun gane haka. A shekarar 2015 makarantar horar da hafsoshin sojan ruwan Amurka da ke Annapolis ta komo da koyar da gane hanya da taurarin Allah, bayan ta yi shekaru da barinsa, don gudun ranar da na ɗan'adam za su yi shiru. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.